Kakana Ya Rasu Ba a Yi Masa Baftisma Ba

Kakana na wajen uba Bamaguje ne daga wani ƙauye a kudancin Kano, kuma lokacin da ya karɓi bishara yana da mata biyu, kowacce da 'ya'yanta. Dattawan ikkilisiya suka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami ta biyun, shi kuwa ya ce ba zai kori uwar 'ya'yansa ba alhali ba ta yi masa laifin komai ba. Haka ya ci gaba da zuwa sujada kowace Lahadi, yana zama a bencin baya, yana ba da baikonsa, ba ya cin Jibin Ubangiji, har ranar da ya rasu. Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada a Sabon Gari, gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, kai da kake karance-karance, Baba ya sami ceto kuwa?"

Masu cewa baftisma wajibi ce ba da ka suke magana ba. A Yohanna 3:5 Yesu ya shaida wa Nikodimu cewa in ba a haifi mutum ta ruwa da Ruhu ba, ba zai shiga Mulkin Allah ba, kuma a ranar Fentikos Bitrus ya umarci jama'a su tuba a yi musu baftisma domin gafarar zunubansu. A kan irin waɗannan ayoyi ne Majalisar Trent ta Katolika ta tabbatar a 1547 cewa baftisma wajibi ce ga ceto, kuma mabiyan Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, sun riga sun rubuta hakan a birnin Augsburg tun 1530. Zwingli ne, wani jagoran gyaran ikkilisiya a birnin Zurich, ya ɗauke ta a matsayin alama, wato shaidar abin da bangaskiya ta riga ta yi, kuma kusa da wannan fahimta ikkilisiyoyin ECWA da Baptist suke tsaye a yau, inda suke jingina da Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ko waɗanda suka fi tsananta wajibcin sun bar ƙofa a buɗe. Katekizim ɗin Katolika na 1992, wato littafin koyarwarsu, ya ce Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma, amma shi kansa ba a ɗaure yake da ita ba. Suna koyar da baftismar jini, ga wanda aka kashe saboda bangaskiya kafin ya kai ga ruwa, da baftismar marmari, ga wanda ya so ta da gaske amma mutuwa ta riga shi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka 23:43, an yi masa alkawarin Firdausi a ranar, ba ruwa ba fasto. A Littafin Ayyukan Manzanni, Karniliyus, wani hafsan sojan Roma, da mutanen gidansa sun karɓi Ruhu Mai Tsarki tukuna, sannan Bitrus ya sa a yi musu baftisma. Hatta Markus 16:16, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ta haɗa bangaskiya da baftisma a wajen ceto, amma da ta zo kan hukunci rashin bangaskiya kaɗai ta ambata.

A ganina, duk wanda ya ba da gaskiya kuma ya raina baftisma da gangan yana da tambayar da zai amsa, domin umarni ce ta Almasihu a Matiyu 28:19. Sai dai kakana bai raina ta ba. Roƙonta ya yi, aka hana shi. Hanin ma ba daga ƙauyenmu ya samo asali ba, domin taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth, a Ingila, ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, mishan da dama suka bi irin wannan tafarki, sai a 1988 taron ya sassauta, bisa sharaɗin mutum ba zai ƙara aure ba, kuma ba za a tilasta masa sakin matansa ba. Shekara ɗari ke nan, ga dattawa irin kakana suna zaune a bencin baya.

Na ce wa gwaggo hukunci na Allah ne, amma ban san wata babbar ɗarika da koyarwarta ta rufe wa Baba ƙofa ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tuna mini cewa mahaifiyarta ce matar ta biyu.