Kalma ɗaya a shataletalen Mokola

Lokacin da aka tura ni Ibadan hidimar ƙasa, na sauka a Sabo, unguwar Hausawa da aka kafa tun 1916, kuma kullum da sassafe nakan taka zuwa shataletalen Mokola in jira tasi ƙirar Micra da za ta kai ni makarantar da nake koyar da lissafi. A nan wani dattijo Bayarabe mai gyaran agogo yake kafa ɗan teburinsa. Wata safiya ya ɗaga goro ya ce “obi”, ya zuba mini ido, na ce “goro”. Sai ya ɓare shi, ya miƙo mini ɓari guda.

Daga ranar muka ƙulla wani irin ciniki mai dokoki biyu da shi ya gindaya: kalma ɗaya kowace safiya, kuma dole abin ya kasance a hannu. Ranar da ya ɗaga albasa ya ce “alubosa”, sai ya girgiza kai ya nuna cewa yau babu ciniki, tunda hajar tamu ce mu duka, ya kuma rubuta a littafinsa cewa ina binsa bashin kalma.

A aji kuwa, allo nake cikawa da ƙa’idoji, yara suna kwafewa ba tare da sun fahimta ba, abin yana damuna ƙwarai. Dabarar Baba mai gyaran agogo ce ta cece ni. Na koma koyar da abu guda a rana, da lemo ko ƙwayoyin wake a hannu, sannan na soma neman ɗalibai su biya ni da wani abu nasu. Ta haka wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta bayyana mana cewa Yarabawa suna ƙirga sha biyar a matsayin ashirin da aka cire wa biyar, ni kuma na shaida musu cewa kakata takan ce “ashirin ba ɗaya” idan tana nufin sha tara. Darasin ɗebewa na wannan mako daga bakinsu ya fito, kuma ya zauna.

Har na gama shekarar ban san sunansa ba. Baba nake ce masa, shi kuma Malam. A safiyar ƙarshe ya buɗe littafin ya nuna mini tsohon bashin, ya biya da “o dabo”, wato sai mun sake saduwa, sannan ya saita mini agogona ya ƙi karɓar ko sisi.