Mun dawo gida da Mama, ga godiyarmu

Alhamdulillah, Alhamdulillah. An sallami Mama, dashen ya kama, sabuwar ƙodar tana aiki yadda likitoci suke so, shi ma Auta, ƙanina da ya ba ta ƙodarsa, ya miƙe har yana ɗan takawa a hankali. Ba sai na maimaita muku komai ba, ai tare muka yi da ku tun ranar da aka ce sai wankin ƙoda, sau uku a sati, kowane zama kusan awa huɗu, har zuwa ranar da aka shiga da su biyun tiyata. Wallahi gajiya ce fal a jikina, idona har yaji yake, amma na ce ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyin na godiya.

Wadda zan fara da ita sistar nan ce mai aikin dare a ɗakin wankin ƙoda. Na san ba ta son a yi zancenta, ta yi haƙuri, yau kam sai na yi. Wani dare Mama tana kan na'ura ta juya fuska wajen bango, ni kuma ina zaune ta bayanta, sai na kira ta, Mama, shiru. Na ƙara ɗaga murya, shiru. Na'urar ma ta fara ƙara, ko motsi ba ta yi ba. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, salati kawai nake a raina don na gama yanke cewa shikenan ta tafi. Sai ga sistar ta zo, ta gyara robar da ta lanƙwashe, ta zagaya ta gaban Mama ta durƙusa, ta dafa kafaɗarta, Mama ta buɗe ido har da murmushi. Ta sauke takunkumin fuskarta ta yi mata sannu a hankali yadda za ta ga motsin bakinta, sannan ta juyo ta ce min, "Anti, kwantar da hankalinki, ba ta ji ki ba ne. A kai ta a duba mata kunne, muna yawan ganin haka a nan."

Kafin wannan daren mutane sun faɗi maganganu iri-iri, wai ciwon ya taɓa mata kai, wai ta yi fushi da duniya shi ya sa ba ta amsawa. Ashe baiwar Allah jinta ne yake tafiya. Ita ma daga baya take gaya mana akwai wata ƙara da take ji a kunnenta dare da rana, kuma muryar maza tana ɗan kamawa amma ta jikokinta da tamu mata sai ta ga baki kawai yana motsi, ta yi shiru don kar ta ƙara mana damuwa.

Likitan kunnen da ya auna ta, Allah ya saka masa da alheri, zama ya yi ya zana mana a takarda. Ya ce can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai kama da dodon koɗi, cike yake da ruwa, kuma sai gishirin da ke cikin ruwan, musamman potasiyam, ya daidaita sannan ji yake tafiya daidai, irin aikin daidaita gishirin da ƙoda take yi wa jiki gaba ɗaya. In ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru a jini ya dinga lahanta jijiyoyi har da ta ji. Ga ciwon suga da hawan jini, waɗanda su suka cinye ƙodar Mama, su ma suna lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke kunne. Ya ce ba baƙon abu ba ne, wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2010 ya samu kashi 54 cikin 100 na manya masu matsakaicin ciwon ƙoda suna da raunin ji, a marasa ciwon kuwa kashi 28.

Abin da ya fi ƙona min rai maganar magunguna ce. Allurar jentamisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ƙoda take fita daga jiki, to in ƙodar ba ta aiki sai ta taru, kuma tana kashe ƙananan gashin da ke ɗaukar sauti a cikin kunne, waɗanda in sun mutu ba sa sake fitowa. A wurin da aka fara kai Mama an yi ta yi mata ita ba wanda ya auna ƙodarta, na bar su da Allah. Ko Lasix da ake ba su don rage kumburi, in aka ba da mai yawa ta jijiya da sauri yana iya taɓa ji, duk da shi galibi jin yana dawowa. Dan Allah duk mai majinyacin ƙoda a hannu, kar ku bari a soka masa allura ba ku faɗi ciwonsa ba, kuma ku nemi a auna masa ji tun yana jin ku.

Auta, ƙanina, ban san da wane baki zan gode maka ba. Na tuna ranar da ake maka gwaje-gwaje aka tambaye mu ko a dangi akwai wanda ya kurumce tun yana yaro ko yake fitsarin jini, saboda ciwon gadon nan da ake kira Alport mai haɗa ƙoda da kunne da ido, hannunka yana rawa don tsoron kar a ce ba za a karɓi taka ba. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka, ya tsare maka ɗayar da ta rage, ya sa ka gama da duniya lafiya. Kawu da ya saya mata na'urar ji bai gaya wa kowa ba, yau na tona, Allah ya buɗa maka. Goggo da ta bar gidanta ta dinga kwana a ƙasa kusa da gado, maƙwabciyarmu da ta riƙe min yara, samarin da suka ba da jini ko saninmu ba su yi ba, da ku da kuka yi ta addu'a kuna turo saƙo, Allah ya biya ku da Aljanna, ya raba ku da jinya, ya ba marasa lafiyarku lafiya, waɗanda muka bari a kan na'ura Allah ya kawo musu mafita.

Akwai kuma 'yan'uwa na jini da har yau suke ƙorafin wai sun kira Mama ba ta ɗaga waya ba. Da kun tako ko sau ɗaya da kun ga dalili. Ba komai, ita ta ce ta yafe.

Masu son zuwa dubiya, likita ya ce a rage taro saboda magungunan da take sha suna rage ƙarfin garkuwar jiki, mai mura ya haƙura tukuna. In kun zo ku zauna ta gabanta ku yi magana ɗaya bayan ɗaya, ba sai kun yi ihu ba, kuma ta ɓangaren dama ta fi ji.