Kafin ka goge hoton nan, dakata tukuna

Ranar nan ɗan ƙanwata yana zaune kusa da ni yana ta latsa waya, na leƙa sai na ga hotuna yake gogewa ɗaya bayan ɗaya ko kallonsu ba ya yi. Yaron bai daɗe da fara son ɗaukar hoto ba, kullum da yamma yana bakin teku. Na ce me kake zubarwa haka, ya ce Kawu tarkace ne, wayar ta cika. Da na karɓa na duba tarkacen, sai ga wani dattijo yana ɗinkin koma a gindin kwalekwale, ga yara sun biyo ƙaguwa a guje, ga masunta sun jeru suna jan igiya. Abin da ya zaɓa ya bari kuwa faɗuwar rana ne, ja da ruwan lemo, duk iri ɗaya. Gabana ya faɗi wallahi, don ni ma abin da na yi ke nan shekara da shekaru.

Ni da kyamarar fim na fara, naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, in ka danna ka danna, sai an wanke kafin ka san abin da ka yi. Wannan ya sa na zama marowacin dannawa, ba na ɗaukar komai sai abin da nake ganin ya isa a rataye a bango, kuma a lokacin abin da ya isa a rataye a wurina shi ne irin hoton kalanda, ruwa da sama da rana babu mutum ko ɗaya. Nakan tsaya in jira mutane su fita daga gaban kyamara. Akwai wani tsoho masunci da na taɓa roƙonsa ya ɗan ja jirginsa gefe wai yana ɓata min hoto, bawan Allah ya ja bai ce min komai ba, har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Da kyamarar dijital ta zo halin bai canza ba, katin memori ƙarami ne a wancan zamani, to wa za a goge in ya cika? Mutane mana. Rana ce ke zama.

Yanzu tsohon ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Rumfar da suke zama suna gyaran koma teku ta cinye ta, jerin bishiyoyin kwakwa da ke bayanta zaizayar ƙasa ta kayar da su ɗaya ɗaya, inda nake tsayawa ma yanzu ruwa ne. Ina da hotuna tuli da na ɗauka daga wannan wuri amma babu guda da zai nuna maka wurin, saboda duk teku na fuskanta. In na nuna wa wani sai ya ce ma sha Allah a ina ne nan, kuma gaskiyarsa, zai iya zama ko'ina a duniya.

To amma kuma ba zan ce duk asara na yi ba, a yi min adalci. Babu wanda ya koya min, babu intanet a hannu da zan tambaya, kuma fim kuɗi ne. Bin ranar nan ma shi ya koya min haske. A nan na gane cewa kyamara tana ruɗewa in ta ga farin yashi da ruwa mai ƙyalli, sai ta rage haske da kanta fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin, dole kai ka ƙara mata, a waya kuma ka taɓa fuskar a allo ka ja hasken sama. A nan na gane a yawancin gaɓa ruwa yakan cika ya janye sau biyu cikin dare da yini, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum yake ƙara jinkiri da kusan minti 50, kuma ya fi cika ya fi janyewa lokacin sabon wata da lokacin da wata ya cika. Wanda bai zauna ya jira ba ba zai san wannan ba. Sai dai ilimin nan duk da na tara, a kan me na kashe shi? Wannan tambayar ce ba na son amsawa.

Na zauna da niyyar in rubuta muku shawarwari masu yawa ƙannena, amma da na duba sai na ga ba su da yawa. Kar ku goge hoton da akwai mutum a ciki, ko ya karkace ko ya ɗan yi dishi-dishi. Ku kwashe ku ajiye a wuri biyu, don ni na taɓa tara komai a kwamfuta ɗaya ta mutu da su. Kuma turawa a WhatsApp ba ajiya ba ce, matse hoton yake yi ya rage masa inganci, balle status da ke ɓacewa bayan awa 24, ban san yadda mutum zai sha rana ya ɗauki abu mai kyau sannan ya bar shi a inda zai ɓace gobe ba. Haka kuma ku daina danna ɗari a kan abu guda kamar injin, shi ne ke cika muku waya har ku fara gogewa da ka. Na san na ce kar a goge yanzu kuma na ce kar a tara, to duka biyun nake nufi, ku duba da ido tukuna kafin yatsa ya motsa.

Ku juya ku ɗauki tudu, gidaje da rumfuna da hanyar da ake bi a sauko, su ne ke canzawa. Amma in kuna kan duwatsu ko dab da ruwa kar ku kuskura ku ba teku baya, igiyar ruwa ɗaya babba takan zo bayan ƙanana ba sallama, ta tafi da wayar ko da mai wayar. Kuma wannan yarda da kuke yi wai wayata ba ta jin ruwa, gwajin da ake yi musu da ruwan daɗi ne ba na gishiri ba, gishiri yana cin ƙarfe ko iskarsa kawai ta isa. In kun dawo gida ku goge jikin na'urar da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, gilashin kuma a hure yashin tukuna, kar a murza da bakin riga ya karce. Kar a kulle kyamara a jaka mai laima, fumfuna na tsirowa cikin gilashin kuma da wuya ta fita.

Filtar nan kuma da kuke zubawa har sama ta koma shuɗi irin na bokitin roba, dan Allah ku rage. Haba. Kowa so yake a danna masa alamar so cikin minti biyar, babu mai haƙurin ya koma wuri ɗaya da asuba ya ga yadda hasken yake. Ba sai kun sayi babbar kyamara ba, wayar ta isa, ko da yake in tsuntsayen ruwa kuke so gaskiya waya ba za ta kai ba, sai mai dogon gilashi da saurin buɗewa da rufewar idon kyamara kamar 1/1000 na daƙiƙa.

Sannan mutanen da za ku ɗauka ba duwatsu ba ne, aikin neman abincinsu suke. Ku yi sallama, ku gaisa, ku tambaya, in an ce a'a ku sauke waya, yara kuma sai da izinin iyayensu. In an yarda, a wanke hoto ɗaya a takarda a kai wa mai shi, a rubuta shekara da sunan wurin a bayansa da biro.