Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin Kunne a Boro Park

Inna takan ce kunne ya girmi kaka. Binciken harshe a Boro Park, unguwar Yahudawan Hasid, masu tsananin riƙon addini, da ke Buruklin a birnin New York, aikin kunne ne zalla, shi ya sa har yau maganar Yaya take yi mini ciwo, da ya ce yawon buɗe ido na tafi.

Harsuna uku ne a gida ɗaya: Yiddish (harshen da suka taho da shi daga Turai), Turanci, da loshn-koydesh, wato Ibrananci da Aramiyancin littattafan addini, wanda ba a hira da shi. Yaro in ya cika shekara 3 sai a yi masa askin fari, a bar masa gashi gefen kunnuwa, a kai shi kheyder, makarantar addini ta yara maza, ya lashi zuma a kan baƙaƙen alef-beys, wato abajadin Ibrananci. Daga ranar, yininsa cikin Yiddish yake. 'Yar'uwarsa kuwa addini da safe, boko da Turanci da rana, tana girma Turanci na rinjayar bakinta. Wannan a wajen mabiya ɗarikar Hasid ta Bobov ke nan. Matan ɗarikar Satmar na unguwar Williamsburg sun fi riƙe Yiddish. Ayala Fader ta jami'ar Fordham ta fayyace wannan rarrabuwa a littafinta na 2009.

Mace mai bincike, ɓangaren mata kawai za ta samu. Siket ya wuce gwiwa, hannun riga ya rufe gwiwar hannu, ga doguwar safa, kuma ba a miƙa wa namiji hannu. Rikoda ba a ɗora ta kan teburin abinci, ƙarar cokula za ta cinye maganar yara. A kan kantar kicin ake ajiyewa, bayan uwar gida ta yarda.

Asabar, ranar hutun ibadarsu, ita ce mai wuya. Ana kunna kyandir saura minti 18 rana ta faɗi ran Juma'a, daga nan ba rubutu, ba taɓa na'ura, sai taurari uku sun fito bayan faɗuwar rana ran Asabar. Kuma a lokacin ne hira ta fi daɗi! Sai dai ki riƙe jimla biyar ko shida a ka, kina maimaitawa kamar mai tilawa. A nan na gane maganar Inna.

Wurin kwafe maganar faifai a rubuce ake ɓata aiki. Wani abokin karatunmu ya fassara nasa duka zuwa Turanci kafin ya fara nazari, ya kashe abin da ya je nema. Uwa tana lallashin jariri da Yiddish, ta juya kan babbar 'yarta da Turanci, numfashi ɗaya. Wannan juyin shi ne binciken. Biro biyu ake riƙewa, kowane harshe da launinsa, a rubuta wa aka fuskanta, namiji ko mace, da shekarunsa. Faifan awa ɗaya yakan ci yini guda.

Yaya bai taɓa zama ya saurari ko minti goma ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun ajin 'yan mata.