Wasiƙa daga Birmingham: abin da shekara guda ta korona ta nuna mana

Birmingham, Ingila
25 ga Maris, 2021

Zuwa ga iyaye, 'yan'uwa da abokan arziki a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi mana ta'aziyyar duk waɗanda muka rasa a wannan shekara, a gida da nan ƙetare. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Shekaranjiya Talata, da ƙarfe 12 na rana, aka yi shiru na minti ɗaya a duk faɗin Birtaniya, domin cika shekara guda da ranar da Firaminista Boris Johnson ya fito a talabijin, 23 ga Maris na bara, ya umarci kowa da ya zauna a gida. Mutanen da cutar ta kashe a ƙasar nan sun haura 126,000. Tambayoyin da kuke aiko mini ta WhatsApp ba su sauya ba tun bara: shin cutar nan gaskiya ce, shin kulle yana da amfani, shin ba mu da garkuwar da Turawa ba su da ita, kuma wane magani za a ajiye a gida. Na ga ya fi kyau in amsa su a wuri ɗaya. Abin da nake roƙo tun farko shi ne ku raba abu biyu da suka cakuɗe a zukatan mutanenmu: rashin yarda da gwamnati, wanda yana da dalilansa, da rashin yarda da cutar, wanda ba shi da su.

Maganar gaskiyar cutar ba ta ɗaukar lokaci a nan. A unguwar Small Heath, inda Musulmi suka fi yawa a garin nan, Masallacin Ghamkol Sharif ya kafa rumfar ajiye gawa a filin da masallata ke ajiye motoci, saboda masu jana'iza sun kasa ɗaukar yawan mamatan da ake kawowa a watan Afrilun bara. Masu wankan gawa kuwa sai da suka riƙa shiga rigar roba tun daga kai har ƙafa. An yi sallar jana'iza da mutane 'yan ƙalilan, kowa nesa da ɗan'uwansa, sauran dangi suna kallo ta waya. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Birtaniya har da Dokta Alfa Sa'adu, Galadiman Pategi, wanda ya rasu a ranar 31 ga Maris yana da shekara 68, tare da likitoci biyu 'yan asalin Sudan. Don haka masu cewa ba ta kama baƙar fata su sani cewa hukumar ƙididdiga ta ƙasar nan ta bayyana a watan Mayun bara cewa, idan aka daidaita shekaru, baƙaƙen fata sun fi farare haɗarin mutuwa da sama da ninki huɗu. Babban dalilin shi ne irin aikin da muke yi da irin gidajen da muke zaune: mu ne direbobin bas, masu gadi, masu jinya da masu kula da tsofaffi, kuma mu ne masu zama da yawa a gida ɗaya, ga ciwon suga da hawan jini.

A kan kulle ne nake tare da ku fiye da yadda kuke zato. Bature bai rufe ƙasarsa haka kawai ba. Kwana uku kafin a ba da umarnin zama a gida, Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya sanar da cewa gwamnati za ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin duk ma'aikacin da aka dakatar, har zuwa fam 2,500 a wata, kuma har yau ana biya. An hana masu gidajen haya korar 'yan haya, shagunan abinci ba su taɓa rufewa ba, wuta da ruwa ba su ɗauke ba. Duk da haka mutane sun jigata ƙwarai: yara sun yi watanni ba makaranta, an ɗage dubban ayyukan tiyata, tsofaffi sun mutu a gidajen kula da su ba tare da sun ga 'ya'yansu ba. To ina ga ɗan dako a Kantin Kwari, ko mai Keke Napep, ko mai ƙosai a bakin titi, wanda abin da ya samu da rana shi za a ɗora a wuta da yamma? Lokacin da aka ba da umarnin rufe Legas, Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris na bara, sannan Kano ta bi baya a watan Afrilu, an ɗauko rabin dabarar ne aka bar rabin da ke sa ta yiwu. Da aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama a watan Oktoba, mutane suka ga buhunan tallafin korona a jibge ba a raba ba, sai ɗan guntun amanar da ya rage ya ƙare. Ba na ganin laifin wanda ya fusata.

Sai dai fushin bai hana ƙwayar cutar aikinta ba. Kun fi ni sanin yadda maƙabartun Kano suka cika a watan Afrilun bara, da irin dattawan da aka yi ta binnewa a jere, malamai da farfesoshi da masu sarauta. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi kan mace-mace 979 ya nuna cewa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadinsu. Ita kuma Birtaniya ta koyi darasinta da tsada: duk lokacin da ta yi jinkirin rufewa, sai ta rufe daga baya na tsawon lokaci, da gawawwaki masu yawa. Yanzu muna cikin kulle na uku, wanda aka sanar a ranar 4 ga Janairu bayan sabon nau'in cutar da aka fara gani a yankin Kent ya cika asibitoci. Abin da ya dace da mu a gida, a ganina, shi ne a rage cunkoso a inda dattawa suke, a bar iska ta riƙa shiga ɗaki da masallaci, a sa takunkumi a mota da asibiti, kuma mai tari da zazzaɓi ya haƙura da gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure har ya warke. Wannan ba ya hana kowa neman abincinsa, kuma ba baƙon abu ba ne a addininmu, tunda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can.

Sai maganar garkuwar jiki, wadda ita ce ta fi yawo a tsakaninmu. Gaskiya ne cewa mutuwar da aka ƙidaya a Najeriya, wajen mutum 2,000, ba ta kusa da ta nan ba, kuma abin godiya ne. Amma babban sirrin yana cikin shekaru. Rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, alhali a Birtaniya rabin jama'a sun haura 40. Waɗanda suka kai 65 a gida ba su fi kashi 3 cikin ɗari ba, a nan kuwa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar. Cutar tsofaffi take nema, su da masu suga, hawan jini, ciwon ƙoda da ƙiba. Saurayi ɗan shekara 25 zai ɗauke ta ya yi mura ta kwana uku, ya ce ai ba komai ba ce, sannan ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya zauna a bakin gado yana gaishe ta. Ga kuma ƙarancin gwaji, da al'adarmu ta binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan ba tare da an rubuta abin da ya kashe shi ba.

Wasu suna cewa a bar ta ta ratsa kowa, idan an gama kamuwa sai a huta. An yi wannan tunanin a nan ma. A ranar 13 ga Maris na bara babban mai ba gwamnati shawara kan kimiyya, Patrick Vallance, ya yi maganar cewa sai kusan kashi 60 cikin ɗari na jama'a sun kamu kafin a samu garkuwar gama-gari. Bayan kwana uku masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka fitar da lissafin cewa ko da an ɗauki matakai masu sauƙi, mutum 250,000 na iya mutuwa, sai gwamnati ta sauya hanya. Birnin Manaus na Brazil ya nuna ƙarshen wannan hanya: an ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutanensa sun riga sun kamu zuwa Oktoba, amma a watan Janairun bana iskar oksijin ta ƙare a asibitocinsa, marasa lafiya suka riƙa mutuwa a kan gado. Wanda ya warke yana samun kariya, hakane. Binciken da aka yi kan ma'aikatan lafiyar Ingila ya nuna kariyar da ta kai kashi 83 cikin ɗari na aƙalla wata biyar. Kariya ce mai kyau, amma ba ta cika ba, kuma sai an ratsa ta cikin cutar kafin a same ta.

Game da magani, ina so ku karanta wannan sashe da kyau, domin a nan ne na fi jin tsoro. Jami'ar Oxford ta jagoranci wani babban gwaji a asibitocin ƙasar nan, ƙarƙashin Farfesa Peter Horby da Farfesa Martin Landray, inda aka raba dubban majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su magani wasu a bar su da kulawar da aka saba, sannan a ƙidaya waɗanda suka rayu. A ranar 5 ga Yuni suka sanar da cewa hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, ba ya ceton rai. Ku tuna cewa tun a watan Maris, bayan Donald Trump ya yabe shi, an kwantar da mutane a Legas saboda sun sha fiye da ƙima. A ranar 16 ga Yuni kuma suka sanar da cewa dexamethasone, magani mai araha da ke kowane kemis, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba oksijin. Rabin labarin da bai iso gida ba shi ne cewa bai amfani waɗanda numfashinsu ke lafiya da komai ba. Maganin yana danne garkuwar jiki ne a lokacin da ta wuce gona da iri ta fara ɓata huhu. Wanda ya sha shi a kwanakin farko ya kwance wa jikinsa makami, kuma idan mai ciwon suga ne, sugan zai yi sama. Don Allah, Hajiya da Alhaji, kada yaro ya sayo muku shi a kemis da sunan rigakafi. Surace da ganyen darbejiya, citta, lemon tsami da zuma suna sanyaya maƙogwaro, ba na hana kowa, amma ba sa ƙara oksijin a jini.

Abin da ya fi magani amfani a gida shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai auna oksijin. A nan ana raba ta ga majinyata masu haɗari, tare da umarni a rubuce: idan ta nuna 95 zuwa sama a ci gaba da lura, idan 93 ko 94 a kira likita, idan 92 ko ƙasa a tafi asibiti nan take. Amfaninta shi ne cutar tana iya sauke oksijin mutum yana zaune yana hira, bai ji sarƙewar numfashi ba, musamman a mako na biyu, daidai lokacin da dangi ke cewa ya fara samun sauƙi. Ku lura kuma cewa na'urar takan ƙara wa mai duhun fata lamba, kuma lalle mai duhu a yatsa yana iya rikita ta, don haka idan mutum yana haki ko ya fara ruɗewa, kada a tsaya jiran lamba.

Warkewa ma ba rana ɗaya take zuwa ba. Akwai mutane da yawa a nan, har da matasan da ba a taɓa kwantarwa ba, waɗanda bayan wata uku ko shida ba sa iya hawa bene sai sun huta, ko sun daina jin ƙamshi, ko mantuwa ta dame su, har hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe musu cibiyoyi fiye da 60. Idan matar gida ta tashi daga wannan ciwo tana cewa ba ta iya daka ko ɗibar ruwa, kada a ce lalaci ne ko sammu. A ba ta lokaci, a sa yara su ɗauke mata aikin.

Na san abin da ke zuciyar mutumin Kano idan aka ambaci allura. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 lokacin sanƙarau na 1996, inda 11 suka mutu, ba ƙage ba ne. Amma mun kuma ga abin da dakatar da allurar shan-inna a 2003 ta jawo wa yaranmu, har sai a watan Agustan bara aka tabbatar da kawar da cutar. A wannan karon, allurar rigakafin korona, Turawa kansu suka fara yi wa: wata tsohuwa 'yar shekara 90, Margaret Keenan, ita aka fara yi wa a Coventry, nan kusa da mu, a ranar 8 ga Disamba, kuma yanzu fiye da rabin baligan ƙasar sun karɓi ta farko. A garin nan har a cikin masallaci ake yin ta, a Cibiyar Al-Abbas da ke Balsall Heath. Ta AstraZeneca da ta sauka a Abuja a ranar 2 ga Maris, kusan miliyan huɗu, ita ce dai ake yi wa miliyoyin mutane a nan. Kun ji cewa Jamus da Faransa da Italiya sun dakatar da ita na 'yan kwanaki saboda rahoton daskarewar jini ga mutane ƙalilan. Hukumar magunguna ta Turai ta duba, ta ce a ranar 18 ga Maris amfaninta ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba, kuma ana ci gaba da bincike. Tunda allurar ba za ta ishi kowa ba, ku tura iyaye da masu suga da ma'aikatan asibiti gaba. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta Birtaniya ta kuma bayyana ra'ayin malamai cewa allurar ba ta karya azumi, saboda haka kada Ramadan ya sa a ɗage.

Mu a nan an buɗe makarantu tun 8 ga Maris, shagunan da ba na abinci ba kuma sai 12 ga Afrilu idan lamarin bai sake lalacewa ba. Fita ƙasar waje ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba haramun ne a doka har zuwa aƙalla 17 ga Mayu, saboda haka azumin bana da ƙaramar salla duk a nan za su same mu. A gaida dattawa da yara baki ɗaya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Birmingham