Na zo kallon sara, na tarar da manoma

Wallahi da farko na ɗauka irin finafinan Chana ne, a yi ta tsalle ana sara har bos ya mutu. Haka na sauke Seven Samurai na daraktan Japan Kurosawa a waya, fim ɗin 1954 ne baƙi da fari, na kwanta da shi bayan isha'i. Minti 207 fa! Awa guda ta wuce manoma na ta gararamba a gari suna neman samurai, wato mayaƙan Japan na da, masu jin yunwa da za su yarda su tsare musu ƙauye a biya su da shinkafa kawai, ni ko barci ya yi gaba da ni, wayar ta faɗo min a hanci.

Laifina ne, gaggawa da ƙaramin allo. Ranar Asabar na sa shi a kwamfuta, na raba biyu daidai inda masu fim ɗin ma suka sa hutu, sai ga shi na kasa tashi. Shugaban samurai ɗin, Kambei, ya zana 'yan da'irori a takarda, duk ɗan fashin da aka kashe sai ya soke ɗaya, tun ina kallo har na tsinci kaina ina ƙirgawa tare da shi. Yaƙin ƙarshe kuma cikin ruwan sama, taɓo ko'ina dawakai na zamewa ba wanda ya mutu cikin kwalliya. Duk wanda ya taso da Sholay zai gane ƙashin labarin nan take.

Abin mamaki a gida Japan mujallar finafinai ta Kinema Junpo na uku ta ajiye shi a shekarar, wasu masu sharhi ma suna cewa Kurosawa ya cika bin salon Turawa. Amma a 2018 da BBC ta tambayi masu sharhi na duniya shi ya zo na ɗaya a finafinan da ba na Turanci ba.

Ni dai a wajena fim ɗin Harakiri na darakta Kobayashi ya fi shi ciwo, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 1963. Kusan duk zama ne da magana a tsakar gida. Akwai inda aka tilasta wa wani saurayi ya farke cikinsa da takobin gora saboda talauci ya sa ya sayar da na ƙarfen, a nan sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje na sha ruwa, shayina ma ya huce ban taɓa ba.