Waɗanda Suka Ƙi Shiga Fadar Bilatus

Akwai aya guda a Linjilar Yohanna da na sha karantawa ina wucewa, sai daga baya ta tsaya mini a rai. A sura ta 18, aya ta 28, shugabannin addini sun ɗauko Yesu daga gidan Kayafa, babban firist, da sassafe suka kai shi fadar gwamna Bilatus, amma su kansu suka ƙi shiga ciki don kada su ƙazantu, su kasa cin Idin Ƙetarewa. Mutanen nan sun kwana suna ƙulla yadda za a kashe marar laifi, kuma da hannun gwamnatin Roma da suke ƙi za su yi hakan, duk da haka abin da ya dame su a wannan safiya shi ne kada ƙafarsu ta taka gidan wanda ba Bayahude ba. Ban ga alamar cewa wasa suke yi da Allah ba. A ganina sun gaskata da zuciya ɗaya cewa suna kiyaye tsarki, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarin.

Wannan hali shi nake kira addinin ƙa'ida, wato mutum ya tattara dukan biyayyarsa ga Allah a kan abubuwan da za a iya ƙirgawa, a gani, a auna, sannan ya saki waɗanda ba su da ma'auni. Yawancin wa'azin da ake yi a kansa yana tsayawa ne a batun ceto, cewa ba da ayyukan shari'a ake kuɓutar da mutum ba, kamar yadda Bulus ya nanata wa Galatiyawa. Haka ne, amma akwai wata ɓarna ta biyu da ba a cika ambata ba: addinin ƙa'ida yana sa mai bi ya zauna lafiya da zalunci. Idan zunubi ya taƙaita ga abin da na ci, da abin da na sa, da ranar da na huta, to alƙalin da ke cin hanci da ma'aikacin da aka danne wa hakki sun fita daga lissafina. A Matiyu 23:23 Yesu bai hana Farisiyawa fitar da zakkar ganyayen lambu ba. Abin da ya tuhume su da shi shi ne sun yi watsi da mafi nauyin al'amuran Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya fi kowanne nuna yadda mulki ke amfani da wannan rauni. Sarki Ahab yana son gonar inabin Nabot, shi kuwa ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Yezebel, matar Ahab, ba ta aika a kashe shi da dare ba. Ta rubuta wasiƙu da hatimin sarki, ta sa dattawan gari su yi shelar azumi, ta kuma tanadi shaidu biyu, domin Shari'ar Musa ba ta yarda a kashe mutum da shaidar mutum ɗaya ba. An cika sharuɗɗan da ido ke gani, an jefe Nabot, sarki ya tafi karɓar gona. Duk wanda ya duba tsarin shari'ar kawai zai ce komai ya tafi daidai, sai annabi Iliya ne ya tare Ahab a gonar ya kira abin da sunansa, kisa da ƙwace. Ishaya ma, a farkon sura ta 10, ya yi kaito ga masu rubuta dokokin zalunci don hana matalauta hakkinsu. Ashe doka kanta tana iya zama makamin mugunta, kuma laifin yana iya bazuwa a hannun mutane da yawa, mai rubutu da mai hatimi da mai shaida da mai jifa, har kowa ya ga kasonsa bai kai ya hana shi barci ba.

A nan ne wani zai ɗauko Romawa 13, inda Bulus ya ce babu iko sai daga Allah, kuma kowa ya yi biyayya ga mahukunta. Ba na cikin masu son a tsallake wannan sura. Bulus ya rubuta ta a zamanin Kaisar Nero, ba a ƙarƙashin sarki mai tsoron Allah ba, kuma duk wanda ya san abin da rashin hukuma ke jawowa zai gane cewa tsari alheri ne. Sai dai a cikin ayoyin nan ya kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a, bawa kuwa yana da Ubangida da zai ba shi lissafi. Littafin da ke ɗauke da Romawa 13 shi ne kuma ke ɗauke da Ru'ya ta Yohanna 13, inda mulki ya rikiɗa ya zama dabba mai neman sujada, da kuma amsar Bitrus a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Wanda ya riƙe sura ɗaya ya saki sauran, addinin ƙa'ida ne ya sake shigo masa ta wata ƙofa.

Tarihin ikkilisiya ya gwada wannan batu ta fuska biyu. Bayan Kaisar Kustantin ya halatta addinin Kirista a shekara ta 313, kuma Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daular Roma a 380, waɗanda aka tsananta wa jiya suka wayi gari kusa da takobi. Wani lokaci sun yi amfani da kusancin yadda ya kamata: a 390, bayan sojoji sun yi wa mutanen Tasalonika kisan gilla, Bishop Ambros na Milan ya hana Tiyodosiyus jibin Ubangiji har sai da ya tuba a bainar jama'a. Amma sau da yawa ikkilisiya ta ari takobin ne don tilasta wa mutane ƙa'idodinta. Agustin kansa, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya kwatanta mulkin da babu adalci da babbar ƙungiyar 'yan fashi, daga baya ya goyi bayan a matsa wa Donatiyawa, wasu Kiristoci da suka ɓalle, da ƙarfin hukuma su dawo cikin ikkilisiya. Ina girmama shi ƙwarai, amma a nan ina ganin ya yi tuntuɓe. A ƙarni na ashirin kuma aka ga ɗaya fuskar, lokacin da masu bi da yawa a Jamus suka miƙa wuya ga Hitila, har wasu ƙalilan suka fitar da Sanarwar Barmen a 1934 suna cewa Yesu Almasihu ne kaɗai Kalmar da ikkilisiya za ta saurara. A Afirka ta Kudu ma an kare wariyar launin fata da ayoyi, kafin ƙawancen ikkilisiyoyin Rifom na duniya ya kira wannan koyarwa bidi'a a taronsa na Ottawa a 1982.

Da Bilatus ya tambayi Yesu ko shi sarki ne, ya amsa cewa mulkinsa ba na wannan duniya ba ne, ya kuma kafa hujja da cewa da na duniya ne, da barorinsa sun yi yaƙi. Mutane da yawa suna jin wannan magana kamar tana nufin Mulkin Allah bai da ruwa da abin da ke faruwa a kotu da kasuwa. Ni kuwa ina fahimtarta a kan tushen mulkin da hanyar aikinsa, domin wanda ya faɗe ta shi ne ya koya mana mu roƙa a yi nufin Allah a duniya kamar yadda ake yi a sama, shi ne kuma ya ƙi mulkokin duniya lokacin da Shaiɗan ya yi masa tayinsu a jeji. A Markus 10 ya gaya wa almajiransa cewa sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninsu ba. Saboda haka mai bi yana iya riƙe muƙami, ya yi zaɓe, ya nemi a gyara doka, kamar yadda Wilbafos, wani Kirista ɗan majalisa, ya yi shekaru yana fama a majalisar Birtaniya har aka haramta cinikin bayi a daularta a 1807, muddin bai ɗauki nasarar jam'iyyarsa a matsayin zuwan Mulkin ba.

Yohanna bai bar mutanen da suka tsaya a ƙofar fada a nan ba. A sura ta 19, da Bilatus ya tambaye su ko ya gicciye sarkinsu, manyan firistocin nan da suka ƙi taka gidan gwamna da safe su ne suka amsa cewa ba su da wani sarki sai Kaisar.